Ranar Da Turmina Ya Tallafi Karafan

Abubuwa da dama sun same ni a zamana na Jidda. Wasu na manta da su da gangan, wasu tsufa ne ya kwashe, amma ranar da na ɗaga hancin karafan sama da mata bakwai a cikinsa, ni ce ta takwas, ba na jin zan manta da ita matuƙar ina numfashi. Har yau in na kifa turmina na ga tabon da ke gindinsa, sai kunya ta fara kama ni, sannan dariya ta biyo baya.

Ga wanda bai san karafan ba, ɗaki ne a kan taya. Akwai gado a ciki, da wurin girki, da banɗaki, da kujeru, har da mukayyif mai sanyaya ɗaki. Ba ya tafiya da kansa, ɗaura shi ake yi a bayan wanet, wato a-kori-kura, a ja shi. Kafilin maigidana, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, yana da guda huɗu da yake bayarwa haya ga masu son kwana biyu a bakin teku lokacin sanyi. Aikin maigidana shi ne ya ja karafan zuwa inda aka ce, ya kafa shi, ya haɗa ruwa da wuta, ya nuna wa masu haya yadda komai yake, bayan kwana biyu ya koma ya ɗauko. A lokacin muna zaune a unguwar Hindawiyya, hutun mako kuwa Alhamis da Juma'a ne.

Maigidana mutum ne mai sanyi. In ka taka ƙafarsa, shi zai ba ka haƙuri. Ni kuwa Allah bai yi ni haka ba, abin da ke cikina shi ne a bakina. Matsalar aikinsa ɗaya ce: in iyali suka zo, mata ne ke shigewa cikin karafan su rufe ƙofa, shi kuma ba shi da halin shiga ya nuna musu komai. Sai ya tsaya a waje ya yi wa mazan bayani, mazan su gyaɗa kai, su tafi kamun kifi ba su gaya wa kowa ba. Sau ɗaya mata suka bar famfo a buɗe, tankin ruwa ya ƙare tun ranar farko. Wani karon suka murɗe makunnin murhun gas har ya karye. Duka biyun, ƙara ta dawo kan maigidana. Kafili ya kira shi ya ce ta uku ita ce ta ƙarshe, halas, ba zai sabunta masa iƙama ba, wato takardar izinin zama. Saura wata ɗaya ta ƙare. 'Ya'yanmu uku duk a Jidda aka haife su, suna makaranta, garinmu Damagaram a labari kawai suka san ta.

Da maigidana ya dawo ya gaya mini, ya zauna ya yi tagumi, sai na yafa abayata na ce ya tashi ya kai ni wurin kafilin. Ya ce, "Hajiya, don Allah ki rufa mini asiri." Na ce asirin nake so in rufa, ya tashi. Muka je filin da ake ajiye karafan ɗin, na tsaya gaban mutumin na ce masa da Larabcina na kasuwa, laifin ba na mijina ba ne, ɗaki na mata ne, mace ce za ta nuna musu. Na ce ya ba ni aikin wanke karafan da shirya shi, in bi mijina in yi wa mata bayani, in aka sake kawo ƙara ya kore mu mu biyu. Ya dube ni, ya dubi maigidana cikin tausayi, ya ce, "Kin iya karatu?" Na ce na iya. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi duka gaskiyar ba. Shekarata ɗaya ke nan da shiga makarantar manya ta yamma, ina da shekara arba'in da uku, kuma ina ji da karatun nan fiye da yadda nake ji da zinarena. Ya miƙo mini takarda mai jerin abin da za a duba kafin karafan ya fita. Ya ce na ranar Alhamis ɗin nan surukinsa ne ya kama, zai kai mahaifiyarsa shan iska, saboda haka kada ya ji ko tari.

Ranar Laraba na shiga karafan da bokiti da tsintsiya kamar mai shiga yaƙi. Na wanke shi tun daga rufi har ƙasa. Na shimfiɗa fararen zannuwa, na jera kofuna, na goge murhu har ina ganin fuskata. Kusa da ƙofa na ga wata takarda manne da bango, da hoton karafan ya ɗaga hanci sama, an ja masa jan layi. Na ce wannan wane irin mugun fata ne, mutane za su fita shaƙatawa a manna musu hoton haɗari? Na sa wuƙa na kankare ta tas.

Daga nan na zagaya waje na buɗe wata ma'ajiya da ke gefe. Me zan gani? Wasu ƙarafa huɗu masu ƙafa uku-uku, duk tsatsa da baƙin mai, sai ƙarni suke yi. Na ce lallai maza ba su da tsafta, a ce tarkacen gareji a ɗakin da za a sa tsohuwa? Na kwashe su na watsa bayan katanga. Na wanke ma'ajiyar, ta zama fes, sai kuma ta yi mini fili da yawa. Dama tun da na shiga wurin girkin nake jin wani abu ya ɓace, sai a lokacin na gane: babu turmi. Yaya za a ce wa wuri madafa babu turmi? Da me za a daka yajin kifi? Washegari da sassafe na ɗauko nawa, wanda na saya a Bab Makka wurin wata mata 'yar Chadi shekara goma da suka wuce, turmin kirya mai nauyi kamar jaki. Na cusa shi a ma'ajiyar da taɓaryarsa, ban gaya wa kowa ba, don ina so ya zama abin mamaki. Ya kuwa zama.

Tun ranar Larabar kuma na zauna da takardar kafili ina bin ta da yatsa. Ruwa, na karanta na sa alama. Gas, na sa. Zannuwa, na sa. Layin ƙarshe wata kalma ce da ba a koya mana ba, da lamba huɗu a gefenta. Na juya ta, na haɗa baƙaƙen, ta ƙi fitowa. Maigidana yana nan taku biyar daga inda nake, yana duba taya. Amma ni da na bugi ƙirji gaban kafili na ce na iya karatu, in koma ina tambaya? Na ce a raina abin da ke huɗu a ɗaki ai matasan kai ne. Na ƙirga matasan kai, huɗu cif, na sa alama.

Ranar Alhamis muka kama hanya da hantsi, shi yana tuƙi ni ina gaya masa yadda ake tuƙi, ko da yake ban taɓa riƙe sitiyari ba. Muka wuce Abhur, muka ƙara gaba, muka sauka daga kwalta zuwa wani fili mai yashi a bakin ruwa, babu kowa sai tsuntsaye. Maigidana ya yi baya, ya yi gaba, ya sauko da ɗan agogon alƙiblarsa ya duba, ya sake gyarawa, don ƙa'idarsa ce banɗaki kada ya fuskanci alƙibla kada ya juya mata baya. Ya sa duwatsu a tayoyi. Ya murɗa wani hannu ya sauke ƙaramar tayar da ke hancin karafan, ya cire shi daga wanet. Ya tayar da injin wuta, ya buɗe rumfa. Sannan ya nufi ma'ajiyar nan ya buɗe.

Ya daɗe a durƙushe. Ya rufe, ya sake buɗewa, kamar abin zai canza.

"Hajiya," ya ce a hankali, "ina ƙafafun?"

"Ƙafafun wa?"

"Na karafan. Ƙarafa huɗu."

"Au, tarkacen nan? Suna bayan katanga. Kai ma ka ji kunya, Alhaji, irin wannan ƙazanta."

A shekara ashirin da biyu na aurenmu ban taɓa ganin ya zauna a ƙasa daɓas ba sai ranar. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya jawo turmin ya ajiye a yashi, ya ɗauki taɓaryar ya gicciya ta a kan wani dutse, ya danna gefe ɗaya, ɗaya gefen ya tashi. Ya ce, "Kin gani? Haka karafan yake. Taya biyu ce kawai a tsakiya. Gaba yana da ƙaramar taya, baya ba shi da komai sai ƙafafun da kika zubar. Ga tankin ruwa cike a baya. In nauyi ya rinjaya can, sama zai yi." Na tuna hoton da na kankare.

Duwatsun wurin ƙanana ne masu marmashewa, ba abin da za su tallafa. Ya duba agogo ya ce baƙin sai bayan azahar za su zo, zai je ya dawo kafin nan. Yana shiga wanet ya leƙo ya ce, "Ko wa ya zo, kada ya shiga. Kin ji ni? Kada ya shiga." Na ce na ji, ai ni ba yarinya ba ce.

Ko rabin awa bai yi da tafiya ba na hango ƙura. Manyan motoci biyu suka tsaya. Surukin kafili ya fito da farar riga mai guga, waya a hannu, ƙaninsa na biye. Hausawan Sudan ne da suka daɗe a ƙasar, Hausarsu rabi Larabci. Sai mata suka fara fitowa: matan 'yan'uwan biyu, ƙanwarsu, 'yan mata manya uku, sannan aka riƙo wata 'yar tsohuwa ƙarama kamar za ka saka ta a aljihu, idonta kuwa kamar na shaho. Duk suna ce mata Habboba, wato kaka.

Surukin ya ce tsohuwar ce ta hana kowa sakat tun asuba, shi ya sa suka yi sammako. Ya dubi karafan, ya kaɗa wayarsa ya ce, "Komai tamam? Don in akwai wani abu in kira shi yanzu."

Nan ne ya kamata in buɗe bakin nan nawa da kowa ke tsoro in faɗi gaskiya. Amma na dubi wayar, na tuna iƙama, na tuna yara. Na ce, "Tamam."

Na yi ƙoƙarin zaunar da su a rumfa. Na ce iskar teku magani ce. Habboba ta ce ta sha iska shekara tamanin, yanzu mukayyif take so. Ta kama ƙofa ta haye, sauran suka bi ta. Dabara ɗaya ta zo mini. Allah ya hore mini jiki, a lokacin in na hau ma'auni sai mai shago ya ce a hankali. Na kutsa na riga su zuwa can ƙuryar gaba, na zauna a kan akwatin da ke daidai hancin karafan, na ƙudurta ko gobara aka yi ba zan tashi ba.

Ana rufe ƙofa suka tuɓe abayoyi da mayafai suka rataye a ƙugiyoyin da ke kusa da ni, suka baje. Ni kuma daga inda nake na fara bayani da ihu, kamar mai kiran kasuwa. Wancan famfo ne, a murɗa dama. Wancan murhu ne, a danna kafin a juya. Duk wadda na ga ta nufi baya sai in ƙirƙiro mata aiki a gaba.

"Ke mai jan kallabi, zo ki riƙe mini kofin nan."

"Khala, ai ba komai a cikinsa."

"Na sani. Riƙe."

Na kafa doka cewa ba a wuce tsakiyar ɗaki fiye da mutum biyu a lokaci guda. Babbar jikar ta ce, "Lesh?" wato don me. Na ce haka tsarin karafan yake a duk duniya. Ina zaune ina auna mutane da ido kamar mai sayen raguna: in ƙanwar ta tafi baya, dole 'yan mata biyu su dawo gaba, in matar babban ta motsa, sai in jawo jarkar ruwa in rungume. Sau biyu na ji ƙasa ta yi sauƙi a ƙarƙashina, kamar kwalekwale, na danna da duk abin da Allah ya ba ni. Matar ƙanin ta raɗa wa ƙanwar, da ƙarfin da zan ji, wai an aiko musu ma'aikaciya mai ciwon ƙafa. Na haɗiye. Wanda ya san ni ya san abin da haɗiyewar nan ta ci mini.

Da haka muka ci kusan awa guda, har na fara jin zan tsira. Sai Habboba ta tashi za ta yi alwala. Ta tafi baya, ta buɗe banɗaki, ta tsaya. Ta leƙa taga, ta dubi rana, ta ce, "Wannan abin alƙibla yake kallo."

Na ce daga mazaunina, "Habboba, ba ya kallo. An auna."

Ko juyowa ba ta yi ba. Ta kira matar babban ɗanta ta zo ta gani. Ta je, ta ce ita a ganinta Makka tana ta wajen motoci. Ƙanwar ta ce ina, ta bi su tana nuna wani gefen. Na ce, "Mutum biyu! Doka!" Ba wanda ya saurare ni. 'Yan matan suka ajiye kofunan da na ba su, suka tafi kallon gardama. Na ji akwatin da nake kai ya fara rawa. Na rungume jarka biyu, na miƙe ƙafa na taka tukunyar gas, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ni kaɗai ce ke riƙe da mata shida, kuma wallahi ina riƙe da su.

Sai ta bakwai, matar ƙanin nan, ta tashi tana tafiya tana cewa, "Ai ba laifinsu ba ne, miskinai. Mutanen da suka zo jiya, su dai an ce musu gabas, duk inda suka juya gabas ne."

Ni? Ni da na yi shekara ashirin ina sallah a garin nan, tun ba ta san hannun damanta ba? Mijina da ya yi baya sau uku saboda banɗakin nan? Ban san lokacin da na watsar da jarkokin ba. Na miƙe na ce, "Ke, matsa in nuna miki Makka da yatsa!" Na taka ɗaya, biyu, uku. A na huɗu na tuna.

Abin bai zo da sauri ba, shi ya fi ba ni haushi, don na sami lokacin yin nadama. Hancin ya tashi a hankali kamar raƙumi zai miƙe. Kofuna suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙofar firij ta buɗe, tumatir da lemon tsami suka gangaro suka wuce mu. Sannan gindin karafan ya daki ƙasa, dim, mu duka muka zube a kan gadon da na shimfiɗa wa fararen zannuwa, ni a sama, matar ƙanin a ƙarƙashina. Wannan kam ban yi nadamarsa ba.

Ihu ya tashi. Wannan na salati, waccan na kiran "Ya Sattar!" Mazan suka sheƙo da gudu, babban ya kama ƙofa, wadda yanzu ta koma daidai ƙugunsa. Sai matarsa ta ƙwalla, "Kada ku shigo! Ba mu da mayafi! Ƙaninka na nan!" Matar ƙanin ta fito da kai daga hammatata ta ce, "Yayanka ma kada ya leƙo!" Abayoyin kuwa suna can sama a hanci, suna lilo. Ta taga na hango manyan mutane biyu sun juya mana baya, sun fuskanci teku, suna ba da umarni ga ruwa. "Ku yi gaba! Yalla, ku yi gaba!"

Muka yi gaba, mu duka a lokaci guda, da rarrafe. Hancin ya faɗo, gam! Tsoro ya sa 'yan matan suka juya da gudu, iyayensu suka bi su don su kamo su, ni na bi don in hana su. Muka sake tashi sama. Tumatir ya wuce mu karo na biyu. Sau uku muna wannan lilo. A na ukun na ji wani sauti kamar kukan kaza, na duba, ashe Habboba ce a ƙuryar gado, ta riƙe ciki, tana dariya har hawaye, bakin nan babu haƙori ko ɗaya.

Dariyar nan ce ta kwance mini harshe. Na ce, "Ku tsaya! Laifina ne!" Na faɗi komai da ƙarfi yadda na waje ma za su ji: ƙarafan da na zubar, hoton da na kankare, layin da ban iya karantawa ba na sa masa alama, da tamam ɗin da na ce alhali ba tamam ba.

Habboba ta share ido ta ce kowa ya zauna a tsakiya, daidai kan tayoyi, a tafi ɗaya bayan ɗaya. Muka bi, karafan ya sauka lafiya. Sannan ta dube ni ta ce, "To ke 'yar nan, da kika fitar da ƙarafan, me kika sa a wurinsu?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Turmi."

"Turmi? Na itace?"

"Na kirya."

Fuskarta ta canza. Ta ce a ba ta mayafinta. Aka rufa, aka fita ɗaya ɗaya. Ta zagaya inda maigidana ya bar shi a yashi, ta shafa bakinsa, ta ƙwanƙwasa gefensa tana saurare. Ta ce rabonta da riƙe taɓarya tun 'ya'yanta suka sayo mata injin markaɗe suka kyautar da nata ba da saninta ba. Ta faɗi haka tana kallon babban ɗan, shi kuma ya shiga kallon takalminsa. Sai ta ce, "Abin da ya sha dukan mata shekara da shekaru, ɗan ɗakin kwano ne zai gagare shi? Ku ɗauko."

Ta sa aka kawo babban farantin shinkafa aka shimfiɗa a ƙarƙashin gindin karafan don kada turmin ya nutse. Ta sa 'ya'yanta biyu, da fararen rigunansu masu guga, suka durƙusa suna tonon yashi da murfin tukunya har tsayin ya yi daidai. Aka kifa turmin a kan farantin, daidai ƙarfen tsakiya. Ƙanin ya je ya murɗa hannun ƙaramar tayar gaba, hanci ya ɗan tashi, gindi ya sauko ya zauna a kan turmi daram. Sai ta ce saura gwaji. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, idonta ya tsaya a kaina. "Ke kika fi kowa albarka. Shiga can baya ki yi tsalle."

Na shiga na yi tsalle, mace mai 'ya'ya uku, mutane tara suna sauraro daga waje. Karafan ko gezau. 'Yan matan suka yi guɗa.

Ana cikin haka maigidana ya iso da ƙarafansa, gumi har gwiwa. Ya ga motoci, ya ga tumatir a yashi, ya ga abin da ke ƙarƙashin karafan. Ya dube ni. Na ce, "Kada ka ce komai, Alhaji, na riga na faɗa da kaina." Ya kafa ƙafafun huɗu, kowacce a kusurwarta, aka zaro turmin, ƙarfe ya bar masa tabo a gindi.

Babban ɗan ya karkaɗe rigarsa, ya ciro waya. Ya ce shi ba mugu ba ne, amma mahaifiyarsa ta kusa karyewa, dole mai karafan ya sani. Na ga maigidana ya runtse ido. Na ce, "Gaskiyarka. Amma ka gaya masa ni ce, ba mijina ba. In ma ka bari, ranar Asabar zan je in faɗa masa da bakina." Habboba ta miƙa hannu ta ce ya ba ta wayar ta gani. Ya ba ta. Ta jefa ta cikin jakarta ta zuge. Ta ce, "Kwana biyu na zo yi, ba na son jin ƙarar wannan abar. Je ka kamo kifi." Sannan ta ce a wanke turmi, a kawo barkono da citta da tafarnuwa.

Ranar na ga tsohuwar da aka riƙo daga mota ta tsaya da ƙafarta tana daka, tana jefa taɓarya sama tana tafawa kafin ta cafe. Jikokin suka karɓa, babbar ta daki gefen turmi barkono ya tashi, muka yi ta atishawa. Matar ƙanin ce ta kawo mini shayi da hannunta, ta ce ta duba agogon mijina, banɗakin daidai yake.

Duk da haka kwana biyun nan abinci bai yi mini daɗi ba, don wayar da ke jaka za ta fito. Ranar Asabar na je filin, na tsaya gaban kafili na zayyana masa komai, ban rage ko tumatir ɗaya ba. Ya bar ni na gama. Ya ce ya riga ya ji, surukinsa ya kira shi yana huci, amma kafin ya kai ƙarshe tsohuwar ta ƙwace wayar. Ta ce ta kama karafan ɗin nan na mako mai zuwa da na bayansa, da sharaɗin a aiko shi da ƙafafunsa huɗu, da matar nan, da turminta. Ya ce wa maigidana ya kawo iƙamarsa gobe a sabunta, ba don halina ba, don ba ya iya faɗa da tsohuwar. Sannan ya ɗauki biro ya ƙara layi ɗaya a ƙasan takardar dubawa, ya miƙo mini ya ce, "Tunda kin iya karatu, karanta."

Na bi baƙaƙen da yatsa. Na haɗa su, suka ƙi fitowa. Na ji tsohon girman kan nan yana tasowa daga cikina. Na danne shi na ce, "Ban san wannan ba. Mece ce?"

Ya ce, "Turmi. Guda ɗaya."

Na yi shekara shida ina wannan aiki bayan nan, ban sake zubar da ko ƙusa ba sai na ɗaga ta na tambayi mai ita. Abin da ranar ta koya mini shi ne, abin da ban san amfaninsa ba ba shi ne marar amfani ba, ilimina ne bai kai wurin ba tukuna. Kuma "ban sani ba" kalma uku ce kacal, da na faɗe ta ranar Laraba, da ban wuni ranar Alhamis ina rungume da jarka ina auna matan mutane da ido ba. Yanzu in na ga mace ta shigo ajin manya tana ɓoye littafinta don kada a ga inda ta tsaya, sai in matsa kusa da ita in ce ta tambaya da ƙarfi. In ta ce kunya take ji, sai in ce ta zo gidana, akwai gindin turmin da zan nuna mata.